Ƙasar Taubashina Ba Ta Cikin Kwamfuta

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma, wannan ba mai gardama. Sai dai a nan Riyad akwai wanda ba ya samun komawa sai an buga masa hatimi. Taubashina ya cika ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a bakin shagonsa na gyaran keken ɗinki a unguwar Batha, sukundireba a hannu. Aka kai shi asibiti, aka tura shi cikin firjin da ake ajiye gawa, ya yi kwana ashirin da biyu a ciki. Musulmi, dattijo, mai salla a sahun gaba. Ni na jawo masa. Gara in faɗa da bakina tun a layin farko, kafin masu ba da labari a bakin masallaci su ƙara gishiri.

Ni ba marubuci ba ne. Aji uku na yi a lakkwal, makarantar boko, can Tasawa, malamin ya duba rubutuna ya ba mahaifina shawara a mai da ni gona tun damina ba ta wuce ba. Yanzu gadin wani gini nake yi a unguwar Ulaisha, shekara talatin da 'yan kai. Amma na duba gabas da yamma ban ga wanda zai rubuta mutumin nan ba, kuma a garin nan ba a sa suna a kan kabari.

Da labarin ya bazu, mutane suka rasa wanda za su yi wa gaisuwa. Ba mata, ba ɗa, ba ƙane. Sai suka nufo ɗan ɗakina na bakin ƙofa. Tela ɗan Yaman, wanda ya fi kowa yi masa ƙorafi yana da rai, shi ya fi kowa kuka, har ƙyallen kansa ya kwance bai sani ba. Wani ɗan Bangaladash ya shigo rungume da kan keke, ashe gyara ya kawo aka tare shi da labarin a hanya. Ya zauna da shi a cinya tun azahar har magariba, ya tashi ya koma da abinsa. Mutanenmu na Maraɗi da Damagaram suka zo layi-layi, yaya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, sannan a rage murya a tambaye ni wai shin Musulmi ne. Na ce shi ne ƙanƙanin tsohon nan da kuke tsallake takalmansa in kun makara. Mai ɗakina tana zuba kunu tana share ido da bakin mayafi, tana cewa wa zai ƙara raina mata miya.

Kowa kuma in zai tashi sai ya yi tambayar nan da ake yi: an kai shi? Ranar farko na ce gobe. Rana ta uku, da ya kamata a yi addu'a a watse, na ce ana kan takarda. Zuwa kwana bakwai mutane sun fara sauya hanya in sun hango ni, don kada su tambaya in rasa amsa.

Ba jininmu ɗaya ba, duk wanda ya gan mu ya sani. Ni dogo baƙi, shi gajere mai ƙananan idanu. A shagon wani Balarabe mai shinkafa muka haɗu. Balaraben ya kira ni ɗan Najeriya, na tsaya ina yi masa karatun da na saba yi wa kowa a ƙasar nan: Nijar daban, Najeriya daban, Hausarmu ɗaya, fuskarmu ɗaya, amma tuta biyu, shugaba biyu. Na ji ana dariya a bayana. Da layi ya zo kan mai dariyar, Balaraben ya ce masa ya Filibini, sai ɗan mutumin nan ya buga tebur da yatsa ɗaya ya ce Zamboanga. Ya maimaita gaɓa-gaɓa, kamar mai biya wa wani Fatiha. Muka fito tare muna kukan jahilcin duniya da guntun larabcin kasuwa, irin wanda ba kai ba gindi. Na ce a raina, ga wani ɗan ƙaramar ƙasa da babbar maƙwabciya ta danne wa suna, kamar ni.

Ba a yi wata ba muka gano ba ma iya gaisawa sai da tsiya. Na bayyana masa cewa a wurinmu 'ya'yan wa da ƙanwa su ne ke da izinin zagin juna har tsufa, ana ce musu taubasai, don haka lalle uwarsa ƙanwar ubana ce da teku ya tafi da ita. Ya karɓi dangantakar hannu biyu. Hausar da ya koya duk ta zagi ce, ban san wa ya taimaka masa ba. Ƙaton banza yake kirana, a gaban baƙi, da fara'a. Ni kuma in ce masa rabin mutum.

Ba ya duba keke da ido. Sai ya sa mai shi ya taka, ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. In ka tambaye shi yaushe za ka dawo, ya ce bayan la'asar, ba ya faɗin ta wace rana. Bai taɓa yarda a ce keke ya mutu ba. Ya tsaya ne, in ji shi, kuma duk wanda aka yar sai ya kwaso ya jera a shagon, har shi kansa ya rasa wurin zama ya koma bakin ƙofa. Abincinsa shinkafa da wani busasshen kifi da in ya soya sai maƙwabta su fito duba kwata. Ya yi shekara talatin yana min tayi, na yi shekara talatin ina cewa na ƙoshi. Yau da za a ba ni, da na ci.

Ran Juma'a bayan an sauko, nan ake buɗe tarihi. Ya share tebur, ya kife gwangwanin man keke ya ce wannan ganuwar dutse ce a bakin teku. Ƙusoshi su ne Sifaniyawa, turawan da suka daɗe a kan mutanensa. Kwarkwaron zare su ne 'yan gari, Kirista da Musulmi da mutanen kan tudu, sun haɗa kai. Sai ya yi ta matso da kwarkwaro suna kewaye gwangwani, har ƙusoshi su gaji, ya kwashe su ya zuba a murfin kwalba, jirgi ke nan, ya tura har ƙarshen tebur. Sannan ya kafa allura da ɗan ƙyalle a kan gwangwanin, ya miƙe tsaye, ni ma dole in miƙe. Jamhuriya ta kafu. Ba gwamna bature, 'yan gari sun ɗora nasu shugaba.

Kakansa na cikin kwarkwaron. Shekarar farko da na ji labarin, ruwa yake kai wa mayaƙa. Bayan 'yan shekaru ya zama mai tsaron ƙofa. Kafin taubashina ya rasu tsohon ya kai ga harba igwa da hannu ɗaya, na ce in Allah ya ƙara mana kwana kakan nan zai ci zaɓe.

Amma a wurin tutar labarin yake tsayawa, kullum. In na ce sai aka yi yaya, ya ce sai aka ci abinci, ya fara tattara ƙusoshi. Na tambaye shi wa ke mulkinsu yanzu, ya ce wani ne, ban san shi ba. Na san kafilinsa, Balaraben da ya ɗauko shi aiki, ya daɗe da mutuwa, igamarsa ta zaman ƙasa kuma ta bi shi. Da na ce ya je ofishin jakadansu a gyara masa takardu, sai ya ce ba su da ofishi a nan. Na yi ta yi masa tsiya, ƙasar da ba ta iya kama hayar ɗaki ɗaya. Ya yi dariya har da tari. Wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta ɗarsa komai ba. Mu ma ai akwai ƙasashen da ba mu da ofishi.

Shekarar da na faɗo daga tsani na karye a cinya, mai gini ya ce in ƙofa ta wuni ba mutum zai kawo wani. Taubashina ya rufe shago ya zo ya zauna a kujerata wata biyu. Mutumin da in ya hango motar 'yan sanda a Batha yake shigewa bayan kekuna, ya zauna a bakin babban titi da hulata tana rufe masa kunne. Da na warke na buɗe baki zan yi godiya, ya ce ƙaton banza, ginin naka ma ba abin sata a ciki.

Faɗa ɗaya muka yi na gaske. Da ɗiyata ta auri wani ɗan Katsina ta Najeriya, ma'aikacin jinya a nan garin, taubashina ya samu abin wasa. Kullum sai ya ce to, an haɗe ƙasashen, a sauke tuta ɗaya. Rannan ya faɗa a cikin mutane, dariya ta yi yawa, na ji zafi, na ce ai kai ma Filibini ne, rufa maka asiri muke yi. Ya ajiye shayinsa da sauran rabi, ya tafi. Tun daga tsakiyar Sha'aban har aka ga watan salla a ciki yake amsa sallamata. Ranar salla na same shi a shago shi kaɗai, yana goge keken da ba na kowa ba. Na ce na tuba. Ya ci gaba da goge keken.

"Duk garin nan kowa yana kirana abin da ya ga dama," in ji shi. "Kai kaɗai ka yarda. In kai ma ka daina, shi ke nan."

Na ɗauka rigimar tsufa ce. Na ɗaga hannu na rantse da Allah bakina ba zai ƙara kiransa da sunan nan ba, yana raye ko ba ya raye. Wannan ƙarin na ƙarshe ba wanda ya roƙe ni, ni na sa don rantsuwar ta yi kyau.

To, ranar Talatar nan ni na bi motar asibiti, don ni ne dangi. Ma'aikacin da ke rubuta sunayen matattu mutum ne mai ladabi, har ruwa ya ba ni. Ya nemi igama, babu. Fasfo, babu. Ya leƙa fuskar mamacin, ya dawo ya fara buga Filibin a kwamfuta. Na kama masa hannu. Na ce Zamboanga, gaɓa-gaɓa, yadda aka koya min. Ya duba jerin ƙasashe bai gani ba. Ya sake dubawa, ya juyo min da fuskar kwamfutar in gani da idona, ni da ko Nijar ba zan gane ba a rubutun nan. Na ce kwamfutarsa tsohuwa ce. Na yi masa karatun Nijar da Najeriya tun daga farko, da misalai. Ya tambaya ko na tabbata. Na ce shekara talatin muna tare, in ya rubuta wancan sunan Allah ya isa tsakanina da shi. Bawan Allah ya rubuta abin da ya rage masa: ba a san ƙasarsa ba. Na dangwala yatsa. Na fito har ina ba teloli labarin yadda na gyara wa asibiti kuskure.

Abin da ban sani ba, baƙo ba ya shiga ƙasa a nan sai ofishin ƙasarsa ya ba da takarda, danginsa sun yarda. Wanda ba a san ƙasarsa ba kuwa, maganarsa wurin 'yan sanda take komawa, su yi bincike, shi ya jira a sanyi.

Surukina ya zo gaisuwa da yamma, na ba shi labarin da alfahari. Ya ciro waya ya ɗan daddanna, na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi tabarma, ya ce to, Baba, Allah ya sa a dace, ya tashi. Kun san mu, mijin ɗiya ba ya kallon uban matarsa ya ce masa ka yi shirme. Ya je gida ya faɗa wa ɗiyata. Ita ma ta juya abin kwana biyu kafin ta faɗa wa uwarta. Uwar ta tsaya jira in ci abinci tukuna, ni kuma a kwanakin ba na ci. Kwana huɗu maganar ta yi tana tafiya daga Ulaisha zuwa Ulaisha.

Ni kuwa ina can unguwar jakadu cikin rana, ƙofa-ƙofa, ina tambayar masu gadi ina ofishin Zamboanga, ko wa ke riƙe musu. 'Yan Filibin sun cika Batha, ban tambayi ko ɗaya ba. Taubashina ba ya shiga cikinsu, na ɗauka gaba ce tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma ba ni ne zan kai gawarsa hannun abokan gaba ba.

Ranar da maganar ta iso, na aika a kira min surukin. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ba ni rabin baya, ya karanta daga wayar kamar mai karanta laifin kansa. Duk abin da taubashina ya faɗa gaskiya ne, ganuwar, jiragen, tutar, shugaban. Sai dai akwai ci gaba. Watanni kaɗan bayan tafiyar Sifaniyawa, Amurkawa suka iso da nasu jiragen, wani na cikin gida ya buɗe musu hanya. Aka bar sunan jamhuriyar ya ƙara 'yan shekaru a ƙarƙashinsu, sannan aka share.

"Yaushe ke nan?" na ce.

"Ya fi shekara ɗari, Baba."

"To yanzu garin a hannun wa yake?"

"Birni ne a cikin Filibin, Baba."

Na fara da fushi, ba zan ɓoye ba. Na zagi mamaci, zagin gaske ba na taubasai ba. Shekara talatin ina miƙewa tsaye don allura da ƙyalle. Fushin bai wuni ba. Abin da ya maye gurbinsa ya fi muni. Mutumin nan yana kwance cikin durowar ƙarfe kamar kifin kanti, ba wanka, ba likkafani, ba salla, kuma yatsana ne a kan takardar. Na daina buɗe firjin gida. Ruwan sanyi ma na daina sha. Kowace safiya in bar wa mai ɗakina ƙofa in tafi asibitin, in zauna a benci gaban ɗakin gawa ina jin ƙarar injin ta bango. Wani mai shara ya ce min ya san wanda ya yi wata takwas a ciki. Ban san ko gaskiya ba ne, amma na dubi ƙafafuna da suka kumbura na ga ba lalle in kai ba. In na riga shi shiga ƙasa, wa zai tuna akwai mutum a durowa ta uku?

Na koma wurin ma'aikacin na ce na janye, ya rubuta abin da ya so rubutawa tun farko. Ya ce takarda ta wuce gaba, baki ba ya goge ta sai wata takardar. Na durƙusa masa, ni da na haife shi. Ya zagayo ya ɗaga ni, idonsa ya kawo ruwa, amma ba shi da yadda zai yi.

Sai shago. Ni da telan Yaman muka buɗe, muka zazzage tabarma, gwangwanaye, aljihunan riguna. Babu. Ɗan Yaman ya dubi kekunan da aka jera har rufi, ya ce mutumin nan bai yarda da kowa ba sai waɗannan. Muka fara kwancewa ɗaya-ɗaya, mu da ba mu iya ba. Kwana biyu muna yi. A gindin wani baƙin keke na can ƙasa muka samu ƙunshin leda. Fasfo ne, ya mutu tun ɗiyata ba ta yi haƙori ba, a ciki wani saurayi mai suma yana hararar mai hoto. Tare da shi wata wasiƙa da ta sha ninki, da hoton jaririya.

Na ɗauki ƙunshin na tafi inda na ƙi zuwa, masallacin da Musulmin Filibin ke taruwa a bayan kasuwa. Dattijonsu ya kalli hoton ya ce ya san shi sarai, shekaru suna gaishe shi da yarensu yana amsawa da larabci. Shi ya karanta wasiƙar, ƙanwar taubashina ce ta rubuto. Daga nan muka gane sauran. An yi yaƙi a yankinsu, unguwarsu ta bakin ruwa ta ƙone, matarsa ta mutu a ciki, ya bar jaririyar hannun ƙanwar ya fito neman aiki. Dattijon ya ce labarin jamhuriyar nan ana ba da shi a garinsu, amma bai taɓa ganin wanda ya tattara kayansa ya koma ciki da zama ba sai wannan.

Mutanen da na ɗauka abokan gaba, cikin kwana biyar suka nemo jaririyar ta waya, daga wannan ɗan'uwa zuwa wancan. Ta zama kaka. Ofishin jakadansu ma ba su ja ba, suka ce ita kaɗai ake jira ta sa hannu a binne shi a nan. Ta ce a'a, a kawo mata shi. Dattijon ya ce in aka bi wannan hanya sai a ƙara makonni. Na ce ya kira min ita. Aka sa waya a tsakiya, shi yana fassara. Na ji muryar mace, zakara yana cara a bayanta.

"Ban taɓa ganinsa ba," in ji ta. "In kuka sa shi a ƙasa a can, shi ke nan ba zan gan shi ba."

Sai na faɗa mata duka, yadda na faɗa muku, har da hannun ma'aikacin da na kama. Na ce yau kwana goma sha takwas ubanta yana cikin ƙanƙara, ba don ba shi da kowa ba, don wautata. Na ce ba ni da bakin roƙonta komai, amma ina roƙo. Dattijon yana fassara, tun da ƙarfi har muryarsa ta dushe. Da ya gama, sai ta yi min tambaya.

"Wa zai yi masa wanka?"

"Ni."

"Ka dubi fuskarsa da kyau, Kawu. Sai ka faɗa min."

Saura takarda ɗaya, tawa. Sai na je wurin 'yan sanda na warware shaidar da na bayar. Duk yawon nan ban furta kalmar a kansa ba, sai in ce ƙasar da ke cikin fasfo, ko abin da kuka sani. Jami'in bai yarda da wannan ba, kuma da gaskiyarsa. Ya ce mai shaida ya faɗa da bakinsa, mamacin ɗan wace ƙasa ne. Na tambaya ko za a iya rubuta biyu. Ya ce layi ɗaya ne. Surukina yana tsaye a bayana, dattijon yana gefe. Na dubi bango, na dubi silin, ba taimako.

"Filibini ne," na ce.

Ya ce bai ji ba. Gaskiya bai ji ba, don ni ma ban ji ba. Na sake faɗa. Ya miƙo tawada.

Malamin da na tambaya ya ce kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ne. Na tara telolin Batha goma, ba wanda zai ce ba su cancanta ba. Wannan ta wajen Allah ke nan. Ta wajen taubashina malam bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ran kwana na ashirin da biyu aka ba mu shi. Na yi masa wanka, ni da dattijon. Na dubi fuskar da kyau kamar yadda aka sa ni, na kuma faɗa wa ɗiyarsa, wannan tsakanina da ita ne. Aka sallace shi bayan azahar tare da wasu gawarwaki huɗu. Teloli sun rufe shaguna, mutanenmu sun fito, 'yan Filibin sun zo mota biyu. Duk wanda rubutun nan nawa ya iske, ya ɗaga masa hannu ko sau ɗaya. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, kwanakin nan kuma ya rubuta su a littafina, kada ya sa a nasa.

Maƙabartar fili ce fetal a bayan gari, rana tana dukan ƙasa har tana turiri. Suka ce tsoho kamata kada ya sauka cikin kabarin, surukina zai karɓa. Na ce ba taubashinsa ba ne. Aka riƙe ni na sauka. Da suka miƙo min shi, sanyin ya ratsa likkafani ya shiga ƙirjina. An yi wanka, an yi salla, an yi tafiya cikin rana, bai saki ba. Ga shi ba nauyi, kamar ka ɗauki damin kara. Ya kamata in kwantar da shi ta gefen dama, in sassauta ƙullin, in fito. Na tsaya da shi a hannu.

Mai haƙan kabarin ya leƙo ya ce yalla ya hajji, akwai wasu a baya.

Na ce ya ɗan dakata, mutumin bai ji ɗumi ba tukuna.